Tseren Jiragen Iska A Tsibirin Wight

Matafiyin da ya tashi daga Landan a jirgin ƙasa ya nufi kudu maso yamma, bayan awa ɗaya da 'yan mintoci zai sauka a Southampton, babbar tashar jiragen ruwan nan ta Ingila. Daga nan in ya shiga jirgin fito, wanda ke ɗaukar mutane da motocinsu gaba ɗaya, cikin awa guda zai ƙetare ruwa ya isa Cowes, wani ɗan gari da ke goshin tsibirin Wight ta arewa. Masu garin suna faɗin sunan kamar a ce Kauz. Tsibirin kansa bai cika girma ba, mil 23 ne daga gabas zuwa yamma, mil 13 daga arewa zuwa kudu, mutanensa kuwa wajen 140,000 ne. Wani kogi ya raba Cowes biyu, ba kuwa gada a tsakani, sai wani faffaɗan kwalekwalen ƙarfe da ake ja da sarƙa, yana kai da kawowa tun da sassafe har dare. Sunan kogin Medina. Kada mai karatu ya ɗauka sunan yana da nasaba da Madina mai alfarma. Tsohuwar kalmar Ingilishi ce mai nufin na tsakiya, don kogin ya kusa tsaga tsibirin gida biyu.

Babban titin garin matsattse ne, ya bi gefen ruwa yana lanƙwasa, mai ƙafa zai ratsa shi cikin minti goma. Amma duk wanda ya dubi kantunan zai gane sana'ar garin. Wannan yana sayar da igiyoyi, wancan fenti da kwanon aune-aune na matuƙa, na gaba rigunan roba da takalman da ba su santsi a kan katako mai jiƙe. Ta kowane lungu aka leƙa sai a hango ruwa, da dirkokin jirage a tsaitsaye kamar kara a gona bayan girbi. In iska ta taso, igiyoyin da ke jikin dirkokin nan sukan yi ta dukan ƙarfe, garin duka ya cika da wani amo kamar na ƙararrawar awaki. Baƙo yakan kasa barci saboda shi a daren farko. 'Yan gari kuwa da shi suke sanin irin ranar da za a wayi gari da ita.

Ruwan da ke tsakanin tsibirin da babbar ƙasar Ingila shi ake kira Solent. A nan ne attajiran Ingila da 'ya'yan sarautarsu suka mai da tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska abin wasa da gasa, yau fiye da shekara 200. A bakin mashigin Cowes akwai wata tsohuwar ganuwa da Sarki Henry na Takwas ya sa aka gina a 1539 don tsoron harin Faransa. Ita ce yanzu mazaunin kulob ɗin da ya fi kowanne daraja a wurinsu, watau Royal Yacht Squadron, wanda aka kafa a 1815. A gabanta an jera ƙananan igwogin tagulla 22, bakinsu na kallon ruwa, da su ake ba da alamar tashin tsere. Daga nan ne a ran 22 ga Agusta, 1851, wani jirgi da ya zo daga New York, mai suna America, ya kewaye tsibirin ya bar jiragen Ingilishi duka a baya, Sarauniya Biktoriya kuwa tana kallo, don gidanta na hutu, Osborne, yana hayin kogin ne, a nan kuma ta rasu a 1901. Kofin da Amurkawa suka ɗauka ran nan bai bar hannunsu ba sai a 1983, da mutanen Ostareliya suka ƙwace shi.

Wancan kulob na manya ne, ba a shiga sai an gayyaci mutum. Amma can cikin gari, kusa da inda jirgin fito mai sauri yake tsayawa, akwai wani kulob da aka kafa a 1889, ana kiransa Island Sailing Club, wanda ƙofarsa ta fi faɗi. Wani ɗan kulob ɗin, Manjo Cyril Windeler, shi ya kawo shawara a 1930 cewa a shirya wa masu ƙananan jirage nasu tseren na kewaya tsibirin cikin yini guda. Aka fara a 1931 da jirage 25. Abin ya yi ta bunƙasa har a 2011 aka rubuta sunayen jirage 1,908. Ranar Asabar ɗaya ake yinsa cikin bazararsu, galibi a watan Yuni ko farkon Yuli, nisan hanyar kuwa mil 50 ne na teku, kimanin kilomita 93 ke nan. Abin da ya bambanta wannan taro da sauran shi ne cakuɗuwarsa. Akwai gwanayen da tuƙin nan shi ne abincinsu, cikin jiragen da kuɗinsu zai gina asibiti, akwai kuma malamin makaranta da matarsa da 'ya'yansu cikin tsohon jirgin da suka gada. Duk hanya ɗaya suke bi. Da yake ba daidai ba ne a gwada doki da jaki a fili guda, kowane jirgi an auna shi an yanka masa rangwame gwargwadon girmansa da saurinsa, sai an gama a buga lissafi. Saboda haka sau da yawa ƙaramin jirgi da ya iso da la'asar shi ke ɗaukar babban kofin, wanda kwaikwayon wani kwanon Rumawa ne da aka tsamo daga kogin Thames.

Tun ran Jumma'a jirage suke fara isowa daga Southampton da Portsmouth da sauran garuruwan gaɓa, har da Faransa. Wurin ɗaurewa yakan ƙare, sai a ɗaura jirgi a jikin jirgi, biyar ko shida a jere, wanda ke can waje in zai fita gari sai ya tattaka ta kan na maƙwabtansa yana neman gafara. A shekarar da yanayi ya yi kyau, daren nan daren raha ne. A shekarar da masana yanayi suka ce iska mai ƙarfi tana tafe daga kudu maso yamma kuwa, hira takan canza. Za a ga mutane sun haɗa kai a kan taswira da jadawalin cikar teku, wannan yana ƙara ɗaure igiya, wancan yana ƙirga rigunan hana nutsewa, wani kuma yana waya gida.

Kafin a fahimci abin da ke damunsu, sai an san yadda jirgin yake tafiya. Yana da inji, amma doka ta hana kunna shi cikin tsere. Abin da ke tura shi zanen iska ne, wani ƙaƙƙarfan yadi mai kusurwa uku da ake ɗagawa a jikin dirka, ɗaya a baya, ɗaya a gaba. A ƙarƙashin jirgin akwai wani nauyin dalma ko ƙarfe da ya nutsa cikin ruwa, shi ke hana shi kifewa in iska ta kwantar da shi, shi ke kuma mai da shi tsaye. Jirgi ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. In inda za shi nan iska take fitowa, sai ya bi a karkace, ya yi dama, ya juyo ya yi hagu, kamar mai kaya yana hawan tudu. In iska ta yi yawa sai a naɗe wani sashe na zanen, a rage abin da za ta kama. Gwani yakan naɗe tun da wuri, domin aikin da mutum ɗaya zai yi cikin natsuwa a mashigi, a tsakiyar teku sai mutum uku sun yi shi suna rarrafe.

To, sai batun ruwan kansa. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kowane yini da dare, kuma a Solent janyewar nan gudu take yi kamar kogi da damina, ta nufi yamma. Masu shirya tsere suna zaɓen lokacin tashi ya dace da ita, don ta taimaka wa jirage su fita. Tun wajen ƙarfe shida na safe igwa take fara tashi, rukuni bayan rukuni, minti goma-goma a tsakani. Amma iskar da ta fi yawa a ƙasar daga kudu maso yamma take zuwa. Ga ruwa yana gudu yamma, ga iska tana tura shi gabas. In suka yi karo haka, raƙuman ruwa sukan gajarce su miƙe tsaye, jirgi ya hau ɗaya, kafin ya sauka ya ci karo da na biyu. Abin ya fi muni a wata matsatsa da ake kira Hurst, inda wani dogon tsirin tsakuwa ya miƙo daga babbar ƙasa har faɗin ruwan ya koma kamar mil ɗaya. Dukan ruwan Solent ta yamma ta wannan maƙogwaro yake fita. Jirage ɗaruruwa kuma ta nan za su bi, kowanne yana karkace, kowanne yana ihun a ba shi hanya.

Da an wuce nan sai duwatsun Needles, ƙarshen tsibirin ta yamma. Tsaunukan alli ne guda uku farare fat, sun fito daga cikin ruwa a jere, a ƙarshensu akwai hasumiyar fitila mai ratsin ja da fari da aka gina a 1859. Sunan yana nufin allurai, ko da yake wanda ya yi kama da allurar ya faɗi tun 1764, sunan ne kawai ya rage. Kusa da hasumiyar, a ƙarƙashin ruwa, akwai ɓaraguzan wani jirgin Girka mai suna Varvassi, wanda ya yi karo da dutse a 1947. Tukwanen injinsa har yanzu suna nan kwance. Tsakaninsu da hasumiya akwai 'yar ƙofa da jirgi zai iya kutsawa ya rage hanya, kuma kwaɗayin wannan ragi ya fasa cikin jirage da dama. A ranar iska, mai hankali yakan yi nesa da wurin ya ba da ratar da ta isa.

Daga Needles hanya takan juya kudu maso gabas, a bi bayan tsibirin, inda babu sauran kariya. Nan teku ce sosai, raƙuman da suka taso tun daga tekun Atlantika nan suke fasuwa a gindin tsaunuka. Babu wani mashigi na kirki da jirgi zai fake a wannan gefe. Iska takan koma gefe ko baya, jirgi ya fara gudu. A ranar lumana, nan ne ake sakin wani babban zane mai launi wanda iska ke hurawa ya kumbura kamar malum-malum, 'yan kallo a kan tsauni su ga teku ta cika da ja da shuɗi da rawaya har iyakar gani. A ranar iska kuwa kaɗan ne ke da ƙarfin halin sakinsa. Wanda ya saka, in raƙumi ya ɗaga bayan jirgin, akala takan kuɓuce, jirgi ya juya da kansa ya kwanta a gefensa, dirka ta kusa taɓa ruwa, mutane su maƙale da abin da hannunsu ya samu. Yadin da aka saya da kuɗi masu yawa ya yage cikin ƙiftawar ido.

Rabin hanya shi ne St Catherine's, kudancin tsibirin, inda ƙasan teku ke da tudu da kwari, ruwa yana gudu a kansu yana tafasa ko da ba iska. Hasumiyar fitilar da ke nan an gina ta ne bayan da jirgin Clarendon ya farfashe a wannan gaɓa a 1836, mutane da yawa suka halaka. Wanda ya wuce St Catherine's lafiya ya ci rabin yaƙi. Sauran hanya, ta Bembridge a gabas, da ganuwoyin da aka gina a tsakiyar ruwa a ƙarni na 19 don tsaron Portsmouth, da rairayin Ryde inda masu rowar hanya sukan kafe, duk akwai wahala, amma tsibirin ya tare mafi yawan raƙuman. Sai dai a gajiye ake yin ta, a jiƙe, cikin sanyi, ga iska ta dawo gaba.

Haka aka yi ran Asabar 15 ga Yuni, 2024. Jirage 939 aka rubuta. Tun kafin ranar, da shugabannin kulob suka ga rahoton yanayi, suka soke tseren rukunin ƙananan jirage da dama, suka ce ba za su fita ba. Hausawa sun ce iska tana wahalar da mai kayan kara. Cikin waɗanda aka bar wa zaɓi, wasu suka duba sama suka zauna. Jirage 571 ne suka tashi. A Needles iska ta riƙa bugawa fiye da mil 50 na teku a awa, irin wadda a tudu take karya rassan itatuwa. Da yawa suna isa Hurst suka leƙa abin da ke gaba, suka juya akala suka koma. Da yamma ta yi aka ƙirga, jirage 153 ne kaɗai suka kewayo, 418 suka janye. Wani jirgin tsere mai suna Notorious shi ya ɗauki kofin.

Akwai waɗanda suka yi gunaguni a kan sokewar, don sun biya kuɗin shiga, sun yi tafiya mai nisa, wasu shekara guda suna shiri. Dokar wasan ta duniya ma ta ce shawarar fita ko fasawa a wuyan shugaban jirgi take, shi kaɗai. Amma mutanen Cowes suna da dalilin yin taka-tsantsan, kuma dalilin yana da kwanan wata. Ran 11 ga Agusta, 1979, jirage 303 suka tashi daga gaban igwogin nan na tagulla, cikin wani tsere dabam mai tsawon mil 605, wanda ke zuwa dutsen Fastnet a kudancin Ailan ya dawo Plymouth. A dare na uku guguwar da ba a zata da wuri ba ta riske su a tsakiyar teku. 'Yan tsere 15 suka mutu. Jirage 86 ne suka gama. An tsamo mutane fiye da 100 da jiragen yaƙi da jiragen ceto da jirage masu saukar ungulu. Abin da ya fi tsaya wa masu bincike a rai shi ne wannan: jirage 24 mutanensu suka gudu suka bari, suna zaton nutsewa za su yi, amma 5 ne kawai suka nutse, 19 aka same su daga baya suna yawo a kan ruwa. Mutum 7 cikin mamatan kuwa sun rasu ne bayan sun bar jiragensu sun shiga kwalekwalen roba na ceto. Daga nan aka tsananta dokoki, aka wajabta rediyo da ƙananan zannuwan guguwa, aka kuma hana wanda bai goge ba shiga dogon tsere.

Tekun nan ba ta duba muƙami. Edward Heath, wanda ya yi Firayim Ministan Ingila daga 1970 zuwa 1974, gwanin wannan wasa ne, sau huɗu yana cin kofin kewaya tsibiri, uku daga ciki yana kan mulki. Amma a watan Satumba na 1974 raƙuman ruwa suka kifar da jirginsa Morning Cloud a gaɓar Sussex, ana kan hanyar kawo shi Cowes, mutum biyu suka mutu, ɗaya ɗan amininsa ne. Shi ba ya ciki ran nan. A tseren 1979 kuma yana cikin waɗanda guguwa ta riska a teku.

Saboda haka a Cowes ba a yi wa wanda ya juyo daga Hurst dariya, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Wanda ake zargi shi ne mai taurin kai da ya ɗebi baƙin da ba su taɓa hawa teku ba, ya kai su bayan tsibiri don kada a ce ya ji tsoro. Zargin kuwa yana kan hanya, domin in abu ya ɓaci ba shi kaɗai zai biya ba. Masu fita ceto 'yan ƙungiyar RNLI ne, wadda aka kafa a 1824, da wasu ƙananan ƙungiyoyi na garuruwan tsibirin. Mafi yawansu 'yan sa kai ne, ba albashi. Makaniki ne, da mai kanti, da ma'aikaciyar asibiti, waɗanda ke ajiye aikinsu in an kira, kuma da gudummawar jama'a ake sayen jiragensu. A ranar tsere jiragen ceto na Yarmouth da Lymington da Cowes da Bembridge tun da safe suke kan ruwa, suna jan wanda dirkarsa ta karye, suna ɗauko wanda sandar zane ta fasa wa kai, suna tsamo wanda ya faɗa ruwa. Ruwan nan ko a watan Yuni sanyinsa yakan kashe wa mutum hannu cikin ɗan lokaci. Mai wasa da ransa a ranar iska yana wasa ne da na waɗannan mutane, waɗanda ba su da rabo a kofi.

Duk da haka ba za a ce abin hauka ba ne. Wanda ya tsaya a kan tsaunin da ke bisa Needles a irin wannan rana, iska tana neman ture shi, ya ga jirgi mai tsawon ƙafa 35 ya fito daga matsatsa da ɗan ƙaramin zane, ya nutsa cikin kwarin raƙumi har dirkarsa kaɗai ake gani, sa'an nan ya ɓullo ruwa yana zuba daga kansa, mutum shida a jere a gefensa sun sunkuyar da kai, zai gane akwai ilmi a ciki. Lissafi ne na lokaci da gudun ruwa, da sanin iyakar jirgi, da kuma amana tsakanin mutanen da kowannensu ya san igiyar da ke hannunsa. Mafi saurin kewayawa da aka taɓa yi cikin wannan tsere awa 2 ne da minti 22, a 2017, da wani jirgi mai gangar jiki uku. Iyalin da ke cikin tsohon jirginsu kuwa sukan yi awa goma ko fiye, su iso magariba, kuma a ranar iska su ne ake tafa wa da ƙarfi in sun shigo mashigi.

Da dare garin yakan cika da mutane masu jajayen fuskoki, gishiri ya bushe a gashinsu. An shanya rigunan roba a kan kowace igiya. Masu ɗinkin zane sun buɗe shagunansu suna karɓar yagaggun yadudduka a buhu-buhu, aikin da zai kai su makonni. A kulob ana ta buga lissafin rangwame, mutane suna duba sakamako a wayoyinsu, wanda ya zo na 90 yana ba da labari kamar shi ya zo na ɗaya. Ran Lahadi da safe ake raba kofuna. Kafin azahar an fara kwance jirage ɗaya bayan ɗaya, na waje ya fara fita don na ciki ya sami hanya, masu zuwa Faransa kuwa sukan dakata su ji rahoton yanayi na rana kafin su ɗaga zane.